Magana Zarar Bunu Ce: Nasiha Kan Harshenmu a Kasuwa, a Gida da Cikin Waya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam baki da harshe, Ya kuma wakilta mala'iku suna rubuta abin da ke fita daga cikinsu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa na Sabo da Mokola, da na Bodija da Sasa da karar Akinyele, da iyayenmu mata da ake karanta wa wannan takarda a cikin gida.

Yau da laifin kaina zan fara, don kada wani ya ce malam ya hau mumbari yana nuna mutane da yatsa. Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, saƙo ya shigo wayata cewa wani dattijo da muka daɗe tare a garin nan, wanda ya koma gida saboda tsufa, Allah Ya yi masa rasuwa. Wanda ya turo min mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Na yi salati, na tura zauren masallaci, na ƙara da addu'a. Kafin Asuba labari ya kai Legas, ya kai Kano, ya kai kunnen 'yarsa da ke aure a wani gari, wadda aka ce sai da aka yayyafa mata ruwa. Da hantsi wayata ta yi ƙara. Ina ɗauka sai na ji muryar mamacin da kansa, yana cewa: "Malam, na ji an ce ka yi min addu'a jiya, na gode, amma ga ni ina shan koko." Ashe wani mai irin sunansa ne ya rasu a unguwarsu.

Mun yi dariya, na nemi gafararsa, ya yafe. Amma wallahi da na ajiye wayar jikina ya yi sanyi. Lambarsa tana cikin wayata. Kira ɗaya ya ishe ni in tabbatar, ban yi ba. Na ce a raina, yau labarin mutuwa ne, mai shi ya tashi ya ƙaryata. To da labarin faɗa ne fa? Da cewa aka yi an kashe ɗan'uwanmu a kasuwa kaza, wa zai tashi ya ƙaryata kafin matasa su fito?

Jarin baƙo bakinsa

Jama'a, mu tuna inda muke. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, fiye da shekara 100 ke nan. Kakanninmu sun zo da shanu, sun koma da goro. Yawancin cinikin nan bashi ne. Bafatake zai sauka gidan maigidansa, dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, a kora shanu a tafi da su, kuɗi sai bayan kwanaki. Babu takarda, babu sa hannu. Maigida ya ce "na tsaya masa," shi ke nan magana ta ƙare. Da wannan kalmar aka gina gidajen da muke ciki da masallatan da muke salla. Mutumin da ba shi da gona a gari, ba shi da dangi, jarinsa na farko bakinsa ne.

A da, idan mutum zai aika saƙo gida sai ya nemi mai rubuta wasiƙa, da ajami ko da boko, a fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a ba direban motar goro. Daga baya aka shiga ɗaukar murya a kaset. Saƙo yakan yi kwanaki a hanya, kuma kafin mota ta tashi mai fushi ya huce, sau da yawa ya je ya karɓe wasiƙarsa. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001 wannan jinkirin ya tafi. Yanzu abin da ka faɗa a rumfarka ta Bodija, kafin ka kurɓi shayi an ji shi a Illela da Maraɗi. Ni'ima ce babba, kuma kowace ni'ima da hisabinta take tafe.

Abu uku a kan ƙabila ɗaya

Akwai wata ƙabilar Larabawa da ake kira Banul Musɗaliƙ. Duk wanda ya karanta tarihin Manzon Allah (SAW) zai ga abubuwa uku sun faru da ke da alaƙa da su, kuma dukkansu fitinar baki ce.

Na farko ya faru a bakin ruwan Muraisi'u, bayan an gama yaƙi da su, a shekara ta 5 ko ta 6 bayan Hijira, bisa saɓanin malaman tarihi. Mutum biyu suka yi turereniya wajen ɗibar ruwa, ɗaya daga ɓangaren Muhajirai, ɗaya daga ɓangaren Ansar. Abin da ke faruwa kullum a bakin famfo. Sai wannan ya ɗaga murya ya kira Ansar, wancan ya kira Muhajirai. Nan take faɗan mutum biyu ya nemi zama faɗan jama'a biyu. Annabi (SAW) ya fito ya tsawatar, ya kira wannan kirari da sunan jahiliyya, ya umarce su su bar shi domin abu ne mai wari. Shugaban munafukai, Abdullahi ɗan Ubayyu, ya samu abin da yake nema. Ya zauna cikin mutanensa yana zuga su a kan baƙin da suka saukar a garinsu, yana cewa in an koma Madina masu ƙarfi za su kori ƙasƙantattu. Wani yaro, Zaidu ɗan Arƙam (RA), ya ji da kunnensa. Ku lura da abin da yaron nan ya yi: bai bi tanti-tanti yana shela ba, ya kai maganar wurin babba, aka kai ta ga Manzon Allah (SAW). Shi kuma Annabi sai ya ba da umarnin a tashi a lokacin da bai saba tafiya ba. Aka yi ta tafiya yini da dare har rana ta sake dukan mutane, da aka sauka kowa ya faɗi barci. Malaman tarihi suka ce ya yi haka ne don ya raba mutane da zaman tattauna abin da ya faru.

Na biyu a hanyar komowa daga wannan tafiyar ne. Uwar Muminai A'isha (RA) ta tsaya neman sarƙarta, ayari ya tafi ya bar ta, Safwanu ɗan Mu'aɗɗal (RA) ya tsince ta ya kawo ta. Munafukai suka ƙulla ƙazafi. Wata guda cur Madina tana cikin wannan magana, gidan Annabi da gidan Abubakar (RA) suna cikin baƙin ciki, har Allah Ya saukar da ayoyi goma a Suratun Nur, daga ta 11 zuwa ta 20, Ya wanke ta. Abin da ya fi ba ni tsoro a ƙissar nan shi ne, munafuki ne ya ƙirƙira, amma cikin waɗanda suka yaɗa akwai mutanen kirki, har da wanda ya halarci Badar. Ba su ƙaga ba, sun dai ji sun faɗa. A aya ta 15 Allah Ya zarge su da karɓar magana daga harshe zuwa harshe ba tare da sani ba, suna ganin abin wasa ne alhali a wurinSa babba ne. A gefe guda kuma ga Zainab 'yar Jahshi (RA), kishiyar A'isha, wadda ita ce ke gogayya da ita a wurin Annabi. Da aka tambaye ta sai ta kare jinta da ganinta, ta shaida alheri kawai ta sani. Iyayenmu mata, kishiya ce fa, ga dama ta samu, amma tsoron Allah ya riƙe bakinta.

Na uku bayan ƙabilar ta musulunta ne. Mafi yawan malaman tafsiri sun kawo cewa an aika wani ya karɓo zakkarsu, suka fito taryarsa, shi kuma tsoro ya kama shi ya zaci yaƙarsa za su yi. Ya juya ya kai rahoton sun hana zakka. Saura kaɗan runduna ta afka wa Musulmi masu salla. A kan haka aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta sauka, tana umartar muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci mutane cikin rashin sani su wayi gari suna nadama.

To ku duba. Faɗan mutum biyu da aka sa wa rigar ƙabila, ƙazafin da ya shiga gidan aure, da rahoton mai tsoro da ya kusa jawo yaƙi. Wanne ne a ciki ba mu gani da idonmu ba a garin nan?

Sasa ba ta yi nisa ba

Babu mai buƙatar a ba shi labarin watan Fabrairu na 2021. Da yawanku kuna wurin. Kaya ne suka zube a gaban shago, cacar baki ta tashi tsakanin ɗan dako da mai shago, wani mai gyaran takalma ya shiga, aka rasa ransa. Daga nan wuta ta kama. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, shaguna da gidaje sun ƙone, gwamnatin jiha ta rufe kasuwa ta sa dokar hana fita, gwamnoni huɗu suka taso daga Arewa. Mun ga mata da yara a cikin manyan motoci an nufi gida da su, wasu ba su dawo ba har yau. Bayan nan dillalan abinci da na dabbobi suka tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, tumatur ya yi ta ruɓewa a hannun manomi can, ya gagari mai miya a nan. Wa ya ci riba? Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Ba na cewa waya ce ta kunna wutar, kuma ba na cewa ba a zalunci kowa ba. An yi zalunci, kuma neman haƙƙi ta hanyar hukuma da shugabanni wajibi ne. Amma ku tuna abin da ya riƙa shigowa wayoyinmu a kwanakin nan. Muryoyin da ba a san masu su ba, wannan ya ce an gama da mu, wancan ya ce ga su nan tafe. Mai maganar wataƙila yana kwance a ɗakinsa a wani gari mai nisa, mu da ke nan mu ne za mu kwana da abin da ya faɗa. Kuma kamar yadda ake turo mana, haka ake tura wa maƙwabtanmu nasu da Yarabanci. A Suratun Nisa'i, aya ta 83, Allah Ya zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, Ya nuna cewa kamata ya yi a mayar da shi ga shugabanni da masu iya tantancewa. Muna da Sarkin Hausawa, muna da shugabannin kasuwa, muna da limamai, kuma suna da lambar Baale da Babaloja da Iyaloja da jami'an tsaro. In ka ji abin tsoro, can za ka kai. Abin da Zaidu ya yi ke nan.

Harshen maƙwabci

Allah Ya sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa, a Suratur Rum aya ta 22. A Hujurat aya ta 13 kuma Ya bayyana cewa hikimar yin mu dangogi da ƙabilu ita ce mu san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne. Yarabanci aya ce daga ayoyin Allah, kamar yadda Hausa take. Annabi (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya cikin kusan rabin wata, ya zama shi ke karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa.

To mu fa? Akwai mai shekara 20 a Ibadan wanda in ban da lissafin kuɗi bai san komai da Yarabanci ba, har yana alfahari da hakan. Alhaji, wannan ba abin alfahari ba ne. Bayarabe mutum ne mai son gaisuwa kamar mu, ko ma fiye. Ka ce wa dattijuwar da ke kusa da rumfarka "e karo" da safe, ka ce "e ku ishe" in ka tarar tana aiki, wato sannu da aiki. In an yi maka alheri ka ce "e she." In yaronka ya bangaji kayan wani, kalma uku ce, "e ma binu," kada ku yi fushi. Ku kuma kula da wannan "e" ɗin, shi ne na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku." In ka ce wa sa'ar mahaifiyarka "o she" ka yi mata irin godiyar da ake yi wa yaro, za ta ji zafi, kai kuwa ba ka san ka yi laifi ba. Haka nan ɗaga murya a ciniki. Sau da yawa abin da kunnenmu ke ji kamar faɗa, a wurinsu ciniki ne kawai, shirunmu da kau da kai kuma su a wurinsu sai ya zama kamar raini. Rabin rigingimun kasuwa daga nan suke tashi.

Zaman nan ya daɗe har harsunanmu sun ci abincin juna. Ashana da agogo da akawu daga bakinsu muka karɓa, su kuma suna cewa alubosa da alafiya da wahala. Da yawansu Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa. Wanda ba Musulmi ba kuma yana da haƙƙin maƙwabtaka, Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ku tuna sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, ƙasar Kiristoci. Da Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka don a koro su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ne ya tsaya gaban Najjashi ya yi bayani cikin ladabi, bai ɓoye aƙidarsa ba, bai kuma zagi ta mai masaukinsa ba. Da wannan maganar Allah Ya tsare su.

Sai batun sunaye. Muna jin ciwo in an kira mu "aboki" ko "mola" da sigar wulaƙanci, kuma da gaskiyarmu. To mu ma mu binciki sunayen da muke kiran wasu da su in mun keɓe, a gaban 'ya'yanmu. Aya ta 11 ta Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Yaron da ya tashi yana jin ubansa na kiran maƙwabci da sunan banza, ranar da aka yi turereniya a bakin famfo wannan sunan ne zai fara fita daga bakinsa.

Mu shiga gida

'Yan'uwa, wani yana da fara'a a kasuwa, abokin ciniki ya zo ya yi masa shimfiɗar fuska, amma in ya shiga gida sai ka ce an aiko masa da saƙon mutuwa. Manzon Allah (SAW) ya sanya ma'aunin alherin mutum a yadda yake da iyalinsa. Da yawanmu iyali suna Arewa. Mukan je wurin mai POS mu tura kuɗi, mu kira mu ce "kin ga alat?", ta ce ta gani, mu kashe. Kuɗi haƙƙinta ne, amma ba kuɗi ta aura ba. Ka tambaye ta lafiyarta, ka ji abin da ke damunta, ka bar ta ta gama maganarta. An ruwaito Sayyidina Umar (RA) ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa, saboda ya san nisa yana da illa. In mai jihadi an yi masa iyaka, ina ga mai sayar da albasa? Waya tana rage nisa, amma zumunta a ƙafa take. A riƙa zuwa gida.

Kuma ku ji tsoron Allah game da saki ta waya. Mutum na tsaye cikin rana, ciniki ya ƙi, sai ga saƙon murya daga ƙanwarsa: an ga matarka a wuri kaza, ta ce kaza game da Inna. Bai tambaya ba, bai ji ta bakinta ba, sai ya rubuta kalma ya tura. Malamai sun tabbatar saki a rubuce yana aukuwa, kada wani ya ruɗe ka da cewa ai a waya ne. Sau nawa ake zuwa mana bayan salla ana cewa "Malam, a duba min, cikin fushi na yi"? Wani lokacin akwai gyara, wani lokacin igiya ta ƙare, yara sun rabu da uwarsu a kan maganar da ba a bincika ba. Masu kai irin wannan rahoto kuma, maza da mata, su tuna kaburbura biyu da Annabi (SAW) ya wuce ya ce ana yi wa masu su azaba, ɗayansu saboda yawo da annamimanci ne. Ɗaukar muryar mutum a ɓoye a tura wa wani don a haɗa su, annamimanci ne da shaidarsa a hannu. Sirrin miji da mata kuma amana ce, ba a kai shi zauren ƙawaye ko majalisar abokai.

Iyaye tsofaffi da ke gida, kada ka bari kullum su ne masu nemanka. Allah Ya hana a ce musu ko da "tir" a Suratul Isra'i. "Inna, ina da kwastoma, zan kira ki," sannan kwana uku ba ka kira ba, ka auna wannan da kanka. Ka ware lokacin da ba ka gaggawa, ka bar ta ta ba ka labarin akuyarta da na jikokin maƙwabta. Wata rana za ka nemi wannan muryar ka rasa.

Sai 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Suna jin Yarabanci, suna jin Turanci, wannan alheri ne, su ne tafintocinmu gobe. Amma akwai gidajen da in kaka ta kira aka miƙa wa yaro waya, daga "ina kwana" sai ya tsaya yana kallon uwarsa. Tsohuwa tana can tana ta "wane ne? ka yi magana mana," har a karɓe wayar. Wannan yankewar zumunci ce tun muna raye. Ku yi musu Hausa a gida, ku zauna ku ci abinci tare, kowa ya kife wayarsa. Mun gaji kunya tsakanin uba da ɗa, musamman ɗan fari, kuma kunya alheri ce. Amma in kunya ta hana ka zama da ɗanka, akwai wanda zai zauna da shi a TikTok har Asuba, kuma ba ka san me yake koya masa ba. Luƙman zama ya yi da ɗansa yana kiransa da lafazin tausayi yana yi masa wasiyya, har da ta sassauta murya. Annabi (SAW) kuwa in Faɗima (RA) ta shigo miƙewa yake ya tarbe ta ya zaunar da ita a mazauninsa. Ba mu fi shi kwarjini ba.

Kafin ka danna

A cikin Sahihul Bukhari akwai dogon mafarkin da Annabi (SAW) ya ba sahabbai labari, inda ya ga wani ana tsaga masa baki da hanci da ido har zuwa ƙeya, in an gama gefe ɗaya a koma ɗayan, na farko ya warke a sake. Aka sanar da shi cewa mutum ne da ke fita da safe ya yi ƙarya ta kai ko'ina a duniya. A zamanin raƙumi mutum zai yi mamakin yadda ƙaryar safiya ɗaya za ta cika duniya. Mu kam abin yana cikin aljihunmu. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Don haka rubuta "kamar yadda aka turo min" a ƙasan saƙo ba ya wanke kowa. Da yatsanka ya fita, da sunanka ya isa.

Su kansu masu WhatsApp sun ga ɓarnar. Tun 2019 suka hana tura saƙo ɗaya zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, suka kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. In ka ga wannan alamar, ka san wanda ya turo maka ma bai san asalinsa ba. Kamfanin da ba hisabin lahira ya dame shi ba ya ga ya kamata a taka burki, ina ga mai salla biyar?

Ga abin da nake roƙon kaina da ku. In saƙo ya zo, ka tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, a ina? Muryar da ba suna, ba rana, ba wuri, ka bar ta ta mutu a wayarka. In an ambaci wani wuri, ka kira wanda ka sani a can, gani ya kori ji. In ka tabbatar gaskiya ne, ka sake tambaya: yaɗa shi zai kawo gyara ko zai ƙara wuta? Hoton gawa da na wanda aka ji wa rauni, ku daina turawa, mamaci yana da alfarma, yana da uwa da za ta iya cin karo da shi. Saƙon da aka ce hadisi ne, a tura wa mutum goma a ga buɗi, a tambayi malamai tukuna, jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba ya fi kowace ƙarya haɗari. In kana cikin fushi, kada ka yi saƙon murya, ka yi alwala, ka kwana a kai. Masu kula da zaurukan kasuwa da na unguwa, ku sani kiwo aka ba ku, ku goge abin fitina ko da babban mutum ne ya turo, ku kira shi gefe ku yi masa bayani cikin girmamawa. In kuma ka riga ka tura sai ta bayyana ƙarya ce, ka koma inda ka tura ka ce "na yi kuskure." Ni na yi, kuma ban mutu ba.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Mu baƙi ne masu dukiya a fili da iyali a gidajen haya, mu ne farkon wanda gobara ke ci in ta tashi. Kakanninmu sun bar mana suna mai kyau a garin nan da gaskiyar bakinsu. Kada mu zubar da shi da yatsa.

Ya Allah Ka tsare harsunanmu daga ƙarya da gulma da annamimanci. Ka sanya wayoyinmu su zama hujja gare mu, kada su zama hujja a kanmu. Ka zaunar da Ibadan da jihar Oyo da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ka daidaita tsakaninmu da maƙwabtanmu. Ka sa albarka a kasuwancinmu, Ka kiyaye direbobinmu a kan hanya, Ka shirya mana zuri'a, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Sanarwa: Ana tunatar da iyaye cewa karatun yara na Asabar da Lahadi bayan La'asar yana nan, kuma an ƙara musu da karatun Hausa da rubutunta. Manya masu son koyon gaisuwa da maganar ciniki da Yarabanci su ba da sunansu wurin ladan, matasanmu da aka haifa a nan sun ɗauki nauyin koyarwa kyauta. Wanda ya gama karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a kula da inda za a ajiye ta saboda sunan Allah da ke ciki.